Ranar Da Gwamnati Ta Zo Gidan Dakta Na-Faɗa

Idan ana lissafin bayin Allah da suka sadaukar da datarsu domin ceton al'umma, dole a fara da Dakta Na-Faɗa, sauran su biyo baya a hankali. Bai taɓa shiga ajin likitanci ba, amma wannan laifin makarantun ne, da ba su kai matsayin koyar da shi ba. Gyaran fanka yake yi a wani ɗan shago kusa da mai faci. Aikinsa na gaskiya kuwa sai ya jingina waya da gwangwanin man inji, ya ɗora farar riga a kan singileti, ya gyara zaman gilashin da ba na ciwon ido ba.

"Jama'a, ni na faɗa, ku rubuta ku ajiye."

Daga nan sunan ya samo asali. Da hantsi likita ne, da azahar masanin tsarin mulki, bayan la'asar kuma yana ba da fatawa. Wanda ya yarda da shi mai hankali ne. Wanda ya yi tambaya ɗan koren gwamnati ne. Wanda ya danna alamar dariya kuwa, sai a binciki imaninsa.

Da damina ta kankama, amai da gudawa suka ɓulla a gari, sai hukumar ruwa ta sanar cewa ta ƙara maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan famfo. Dakta ya tari kofi ɗaya, ya shinshina, nan take ya gano abin da ya shige wa duniya duhu.

"Wannan warin da kuke ji, maganin mantuwa ne. Zaɓe ya ƙarato, ana so ku manta da abin da aka yi muku. Yau sun shiga kofinka, gobe ina za su shiga? Kakanninmu rijiya suka sha, suka yi tsawon rai. Duk mai tsoron ƙwayar da ido ba ya gani, tawakkalinsa da sauran gyara."

Ya koma gida ya ɗaure kan famfo da wayar ƙarfe, ya yaye kwanon da aka rufe tsohuwar rijiyar bayan gida da shi, wadda taku kaɗan ne tsakaninta da masai.

Matarsa ta ce, "Baban yara, rijiyar nan ko wanki na daina yi da ita."

Ya ce, "Kin ga aikin maganin ke nan. Har kin manta waye mai ilimi a gidan nan."

Sai ta koma ɗebo wa yaranta ruwa a famfon maƙwabta, ta bar shi da 'yancinsa.

Washegari ya tara mabiyansa a waya, ya zura guga, ya cika kofi da ruwa mai launin shayin da aka yi wa rowar madara. Ya yi bisimilla da ƙarfi don masu shakka su ji, ya shanye, ya ƙara. Mai faci, wanda bai taɓa musa wa Dakta ba, ya zo da jarka ya kai wa iyalinsa nasu rabon.

Ciki dai ba ya karanta sharhi. Kafin rana ta faɗi, mutumin da ya sha alwashin ba zai durƙusa wa kowa ba ya durƙusa har ya daina ƙirgawa. Yayansa ne ya ɗauke shi kamar buhu zuwa asibitin gwamnati, aka ɗaura masa ruwan gwamnati a jijiya, bai ko nemi ya shinshina ba. A ɗakin yara kuma ga 'yar mai faci kwance, idanu sun zurma, uwarta tana kuka. Allah ya taƙaita, yarinyar ta tashi. Mai faci dai tun ranar bai sake amsa sallamar Dakta ba.

Wani zai ji kunya. Amma gwano ba ya jin warin jikinsa. Ana sallamar Dakta ya fito a waya, kumatu sun faɗa, murya kamar ta sauro.

"An sa mini guba. Sun gane ni ne ƙashin da ya tsaya musu a wuya. Abin da ya rage shi ne kamu, kuma a shirye nake."

Da gaske ya shirya. Ya haɗa jaka da buroshi da sallaya, ya ajiye a bakin ƙofa. Ya haddace jawabin da zai yi a kotu. Ko mota ce ta tsaya a layin, sai gabansa ya faɗi don murna.

Ran nan da hantsi, sai ga farar mota a ƙofar gidansa, mutane masu rigunan aiki suna sauka. Dakta ya danƙa wa matarsa waya, ya ce ta ɗauka kai tsaye don tarihi. Ya fito ya miƙa hannuwa biyu a haɗe.

"Ga ni. Ba sai kun fasa ƙofa ba. Kuna iya ɗaure ni, amma ba za ku ɗaure gaskiya ba."

Shugabansu ya dube shi da tausayi. "Sannu, ɗan'uwa. Nan ne gidan da ke da rijiyar da ta kwantar da mutane? Toshe ta aka turo mu yi."

"Ni ne Dakta Na-Faɗa."

"Madalla. Ta ina ake bi?"

"Ba ku san ni ba?"

"Wallahi a'a, ka yi haƙuri." Mutumin ya juya ya karɓi bokitin kwaɓaɓɓen siminti daga mota. "Tunda hannuwanka a miƙe suke, ɗan kama mana wannan."

Haka mabiya suka zuba ido suna kallon babban abokin gabar gwamnati yana yi mata leburanci, kuma kyauta.