Rasuwar Doguwa, Tayar Lilon Baba Mai Birki

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To, yau sai dai ku ji labarinta, don ita kam ta daina motsi.

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gwiwa mai ciwo, da bayan da ya gaji da sunkuyo, Baba Mai Birki na gidan wasan yara yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa hawa ya kurma ihu, cewa rai ya yi wa Doguwa halinsa. Doguwa dai ita ce babbar tayar lilon nan mai kwanduna goma sha shida, wadda ake hangowa tun daga bakin titi, mai ɗaukar mutum sama a hankali ta nuna masa rufin gidajen jama'a da shanyar matansu, sannan ta dire shi daidai inda ta ɗauke shi. Ta cika ranar Asabar da hantsi, a tsaye, a wurin da aka kafa ta. Shekarunta talatin da huɗu. Talatin da ɗaya daga ciki, hannun Baba ne a kan birkinta.

Marigayiya mai haƙuri ce, 'ya'yan nan, haƙurin da ba a samu a zamanin yanzu. An yi mata amai ba adadi, ba ta taɓa ramawa ba. An manna mata cingam a ƙarƙashin kujeru, samari sun karce jikinta da ƙusa suna rubuta sunayen 'yan matan da ba su aure su ba, duk ta shanye. Ba ta da son kai: zagaye uku take yi wa kowa, da mai babbar mota da wanda ya tako da ƙafa. Cinta kuwa, wutar lantarki ce da giris, sai ɗan man inji ranar Litinin. Ba ta taɓa neman ƙari ba.

Masu kallo daga nesa sun ɗauka maɓalli kawai ake dannawa ta tashi. Ina! Inji guda ne a gindinta, shi ke jan bel, bel ya murza giya, giya ta juya ta, nauyinta duka kuwa yana rataye a kan ƙarfe ɗaya tilo da ke tsakiya, mai kaurin cinyar ƙato, wanda Baba ke kira cibiyarta. Ba a kuma cika ta yadda aka ga dama. In ka zuba mutane a kwando na ɗaya, sai ka juyo da na tara da ke fuskantarsa ka zuba masu nauyin daidai da su, in ba haka ba ta karkace, ta riƙa hawa da nishi tana gangarowa da gudu. Baba da ido yake auna mutane, kamar mai sayen rago. Ya sha zagi a kan wannan. Wata ta taɓa ce masa, "Tsoho, me ka gani a jikina da za ka ce in jira wancan mai tumbin?" Ya ce, "Hajiya, alheri na gani." Ta shiga tana tsaki, ta sauko tana dariya.

Akwai abubuwan da marigayiya ba ta so, kuma gara ku riƙe su, tunda 'yan uwanta suna nan da rai kuma halinsu ɗaya. Ba ta son mai cika ciki kafin ya hau. Ku ci in kun sauko. Ba ta son silifas, don an tsinci warin takalmi a gindinta da za a iya buɗe shago da su. Ba ta son ɗankwalin da ba a ɗaure ba, ko hular da ke zaune a ka kamar baƙuwa. Ta fi ƙin uban da ke ɗaga ɗansa ya yi ɗage a jikin sandar awon tsayi. Sandar ba don mugunta aka kafa ta ba, yaron da bai kai ba yana iya sulalewa ta ƙarƙashin ƙarfen kariya. Mai son ya hau cikin natsuwa ya zo da safe, kafin rana ta gasa kujeru, kafin layi ya kai bakin rumfar tikiti. Kuma in an rufe maka ƙarfe, kada ka yarda a tashi sai ka ji ya ce ƙas.

Muryarta ba za ta fita daga kunnen Baba ba. In ta tashi sai ta ce guuuu, can ƙasa, kamar tsohuwa za ta miƙe daga tabarma. In ta daidaita, sai wi, wi, wi, kowane kwando da nasa kukan. In ya ja birki ta ce fushsh, ta tsaya. Kullum da safe, kafin a buɗe ƙofa, kafin a kunna lasifikar nan mai hana mutum jin tunaninsa, Baba yakan tashe ta ba kowa a ciki, ya dafa bakin doguwar sukundireba a jikin ƙafarta, ya kara mariƙin a kunnensa, ya lumshe ido har ta yi zagaye uku. Ma'aikata suna yi masa dariya, suna cewa likita na duba mai ciki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ciwon ajali ya zo mata ne cikin sabon kaya. Da aka ji mai duba lafiyar injuna zai zo, Manaja ya sa aka shafe ta da fenti tun daga sama har ƙasa, ja da rawaya, ta fito kamar amarya. Mai duba ya zo ranar Talata da takardunsa. Ya girgiza kwanduna, ya gwada birki, ya ja bel, ya ɗaga kai ya kalli cibiya daga ƙasa yana kare rana da fayil, ya sa hannu, ya tafi. Ba mugu ba ne. Abin da takarda ta ce ya duba, ya duba.

Laraba da safe Baba ya kara kunne, sai ya ji ƙis. Sau ɗaya a kowane zagaye, ƙaramar ƙara kamar an karya tsinke. Ya tsayar da ita, ya hau tsanin ƙarfen nan da rabonsa da hawa tun gwiwarsa na da daɗi, yana hawa yana hutawa, har ya kai cibiya. Ya kankare sabon fentin. Ya shafa kananzir, ya jira ya shiga, ya goge, ya barbaɗa garin alli, ya ɗan ƙwanƙwasa da guduma. Sai ga wani siririn layi ya jiƙe a cikin farin allin, kamar gashi guda a kan tuwon... a'a, kamar zare a kan farin ƙyalle, tsawon ɗan yatsa. Cibiyar Doguwa ta tsage.

Ya daɗe a can sama, zaune a kan ƙarfe, ƙafafu na reto. Ya san abin da ya sani. Kamfanin da ya ƙera ta ya daɗe da rufewa, irin wannan ƙarfen ba a sayar da shi, ba a kuma yi masa walda a ɗora rayukan mutane a kai. In ya buɗe baki, ta tafi. In ta tafi, shi ma ya tafi, don wa zai ɗauki tsoho mai shekara sittin da uku wanda duk iliminsa a kunne yake? Inna mai tikiti ma, da ke riƙe da jikoki uku, rumfarta a gindin Doguwa take. Ya sauko bai ce wa kowa uffan ba.

Alhamis da Juma'a ya yi ta lallaɓa ta. Kwanduna takwas kawai yake cikawa, yana cewa iska ta yi yawa, alhali ko ganye ba ya motsi. Duk wanda ya hau, idon Baba na kan cibiya har ya sauko. Ranar Juma'a da yamma matarsa ta ajiye masa abinci, ta dawo ta tarar ko murfi bai ɗaga ba.

Ta ce, "Malam, girkin ne bai yi ba, ko bakin ne ya tafi yajin aiki?"

Ya gaya mata duka, har da allin.

Ta ce, "To me kake jira? Ta faɗo tukuna sannan ka yi shela?"

"In na faɗa, sai dai ni da ke mu zauna muna kallon juna."

"Shekara talatin kana kallon ƙarfe. Ka kalle ni wata biyu, ba za ka mutu ba."

Ya ce, "Ke ba ki san yadda abin yake ba."

Ta ce, "Na sani mana. Ni nake wanke giris ɗin." Ta tura masa kwanon. "Ci. Mai yunwa ba ya faɗin gaskiya da ƙarfi."

Asabar ta zo da motoci biyu na 'yan makaranta, su arba'in da biyu, da fararen safa da malamai mata biyu suna ƙirga kawuna. Suka yi layi tun ba a buɗe ba, suna tsalle suna nuna kwandon da kowa zai shiga. Baba ya tashe ta ba kowa, ya kara kunne. Ƙis, ƙis. Sau biyu yanzu. Bai bari ta cika zagaye na uku ba. Ya ja birki, ta ce fushsh, ya buɗe akwatin wuta ya zare fis ya jefa a aljihu. Wannan ita ce maganarta ta ƙarshe.

Manaja ya taho da sauri, laktaye na lilo a wuyansa. Yaro ne mai ladabi a sauran ranaku.

"Baba, lafiya? Ga yara can rana na dukansu."

"Ranka ya daɗe, ba ta tashi. Cibiyarta ta tsage."

"Wace cibiya? Ga takarda, ranar Talata aka sa hannu! Tawadar ma ba ta gama bushewa ba."

"Takardar ba ta hau tsani ba. Ni na hau."

"Haba Baba, yau ɗaya dai. Mu sallami waɗannan, Litinin a kira injiniya. Ka san me zai biyo baya in aka rufe ta? Har da kai fa."

Baba ya ce, "Na kwana uku da sani." Ya taka ya buɗe ƙarfen kwando na ɗaya, ya riƙe shi kamar mai buɗe wa babban baƙo ƙofar mota. "Bismilla. Ni da kai da takardar, mu yi zagaye uku. In mun sauko lafiya, sai a zuba 'ya'yan mutane."

Manaja ya kalli kwandon. Ya ɗaga kai ya kalli wurin da aka kankare fenti, can sama. Ya kalli takardar hannunsa, ya ninke ta biyu, ya sake ninkewa. Shekararsa huɗu a gidan, bai taɓa hawa ba, bai kuma fara ranar ba. Ya juya ya ce wa Inna mai tikiti ta rufe taga.

Yaran suka ɓarke da kuka. Wata 'yar ƙarama mai giɓi ta zo har gabansa ta ce, "Mugun tsoho!" Ya ce, "Na ji, uwata." Ya zauna a kan bencinsa. Injiniya ya zo Litinin da na'urarsa, ya hau, ya sauko yana share zufa, ya ce tsagin ya ci fiye da rabin ƙarfen ta ciki. Daga nan sai ya nemi ruwa.

Marigayiya ta bar ƙanenta lilon dawakai, wanda shi ma wuyan doki biyu a ɗaure yake da waya. Ta bar ƙaramin jirgin ƙasa mai tarago huɗu, da motocin karo guda tara, shida masu tafiya. Ta bar tattabarun da suka yi sheƙa a kafaɗarta, da inuwar da masu jira ke fakewa a ciki, da jikoki da tattaɓa-kunne na hawa da ba a san iyakarsu ba, wasu yanzu da furfura.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe tara na safe, a inda ta cika. Masu yankan ƙarfe za su fara sauke kwanduna ɗaya bayan ɗaya, kowane da abokin nauyinsa, sannan a kwance haƙarƙarinta a loda a babbar mota. Ana roƙon masu zuwa su tsaya bayan igiya, su sa takalmi rufaffe saboda tartsatsi, kada a zo da ƙananan yara. Zaman makoki a rumfar tikiti ne, kwana ɗaya, don Juma'a ita ma za a cire ta. Mai ta'aziyya kada ya ce wa Baba ai ƙarfe ce kawai. Ya ji wannan ya ishe shi. Allah ya ba mu haƙurin rashi.

Manaja an mayar da shi ofis, inda ba abin da ya fi tebur tsayi. Inna mai tikiti ta koma babbar ƙofa tana yaga tikitin shiga, a tsaye. Baba an sallame shi ƙarshen wata, da takardar yabo da agogon bango. Yana gida, shi da matarsa suna kallon juna. Yaran nan arba'in da biyu kuwa sun koma gida ranar suna fushi, kowa da ƙafarsa.