Allurar Bindigar Tata Lencho

“Lafiya lau na kwana, in ban da ƙugun nan. Ke fa, uwar tsiwa, wa ya koro ki daga gado da sassafe haka?”

“Kai ne mana, Tata. Tun daga bakin titi nake jin ƙasusuwanka suna gaisawa da juna.”

Dilcia ta jingine babur ɗinta a gindin mangwaro tana dariya, amma dariyar iyakarta fatar baki. Kakanta Don Florencio, wanda duk garin Estanzuela ke kira Tata Lencho, ya riga ya shirya tsaf. Ga malafa, ga dogayen takalma, ga ƙatuwar bindigar nan da ta girmi Dilcia tana rinjayar masa da wando gefe guda. Likita ya ce in bai daina rataya ƙarfen nan ba, ƙugun zai kwantar da shi. 'Yan sanda kuma sun fara tsare masu yawo da bindiga a fili cikin kasuwa. Shi ne tsohon ya ce a kai shi birnin Zacapa ya musanya ta da 'yar ƙarama, mara nauyi, mai sauƙin kuɗi, wadda za ta ɓuya a ƙarƙashin riga.

To a nan gizo ke saƙar. Tsohuwar bindigar ba ta tashi, kuma Dilcia ta sani. Kakarta Doña Tránsito ce ta raɗa mata kafin ta rasu, cewa tun shekarar da aka harbe mahaifin Dilcia a wajen sukuwar dawaki, ta kai bindigar wurin ƙanenta maƙeri ya zare allurar, ɗan siririn ƙarfen nan da ke dukan harsashi, ta mayar da ita inda take ba ta ce uffan ba. Sabuwa kuwa tashi za ta yi. Ga tsoho da yana a ido, hannu na rawa, zuciya kamar fetur. Dilcia tsoro take ji ƙwarai. In ta yi shiru zai sayi abin da zai iya kashe mutum, in ta yi magana ta tsinka shi a gaban maza.

Suna tafe a kan babur tana ta lallaɓa shi su fasa, yana cewa da ya san matsoraciya ya raina da ya raini akuya, ko ba komai a sha nono. Haka har shagon Otoniel mai sayar da bindigogi, wani mai ƙiba da ba ya son hayaniya. Ya jera musu ƙanana guda uku a kan tebur.

Tata Lencho ya ɗaga ta farko da yatsa biyu, ya yamutsa fuska.

“Wannan bindiga ce ko abin kunna sigari?”

“Ita ce daidai kai, Tata. Kai da ita duk kun motse.”

“Ni na motse? Yarinya, ranar da na zare waccan a kasuwar Chiquimula, maza bakwai ne suka nemi hanya.”

“Ai bara maza biyar ka ce mini.”

“Sauran biyun sai daga baya na tuna da su.”

“Baɗi kuma sai mu ji har da soja. To jarumi, me ke jikin bangon can?”

Ya ƙanƙance ido, ya gyara malafa. “Hoton wata kyakkyawar mace. Ta ma fi ki.”

“Sa ne, Tata. Kalandar masu maganin dabbobi ce.”

“Shi ya sa na ce ta fi ki.”

Otoniel ya danne dariya ya ce ta tsakiyar ita ce mafi arha, ba ta kai kuɗin ɗan maraƙi ba, kuma ba a raina allura, ita ma ƙarfe ce. Jin an ambaci allura sai gaban Dilcia ya faɗi. Ta yi sauri ta ce ai tsohon ba zai iya jan bayanta ya ɗana ta ba, hannun da ko murfin kwalbar magani sai an buɗe masa. Ya ce wannan ladabi ne yake koya mata, ba gazawa ba. Ya ja, bayan bindigar bai motsa ba. Ya sake ja har jijiyar wuyansa ta tashi, sai ya ajiye ya ce an yi ta ne don masu hannun roba.

Ta ukun ya so. Otoniel ya nuna masa babu harsashi a ciki, tsohon ya soke ta a ƙugu ya saki riga a kai, ya ɗan taka zuwa ƙofa yana buɗa kafaɗa. Bai yi nisa ba abar ta zurma cikin wando, ta bi ƙafa ta tsaya a bakin takalmi. Otoniel ya dafe ƙirji. Dilcia ta riƙe baki.

“Ka ce ɓoye ta za ka yi, ba ka ce haɗiye ta wando zai yi ba.”

“Wandon ne ya yi mini yawa. Girkinki ne ya ramar da ni.”

“Girkina? Jiya wa ya cinye rogo da cuku har da lashe faranti?”

“Yunwa ba ta san mugun girki ba.”

Da ƙyar aka zaro ta ta ƙasa. Sai tsohon ya ce shi ke nan, ita zai ɗauka, a sama mata kube mai kama bel. Ya kwance tsohuwar bindigarsa ya ɗora a kan tebur don a yi mata kuɗi.

Abin da Dilcia ke gudu ke nan. Ta yi tari, ta ƙifta wa Otoniel ido, ta ce ai da tsohuwar zuma ake magani, a bar wa tsoho kayarsa su tafi. Otoniel bai gane ba, ya ɗauka wani abu ne ya faɗa mata a ido. Ya kwashe harsasan, ya buɗe bindigar, ya kai ta kusa da fitila. Sai fuskarsa ta canza. Ya dubi tsohon, ya dubi bindigar.

“Don Lencho, wannan kuwa...”

“Ba ta da allura,” in ji tsohon, yana kakkaɓe malafarsa. “Na sani. Ka yi mata kuɗi a haka. Ita ma ƙaramar ka zare mata tata kafin ka ba ni.”

Dilcia ta lalubi kujera ta zauna.

“Tata, ka sani? Tun yaushe?”

“Au, ke ma ta gaya miki? Allah ya jiƙan Tránsito, bakinta bai taɓa riƙe komai ba sai haƙoran roba.”

Ba wanda ya yi dariya. Ya jingina da teburin ya ba su labarin a taƙaice, ba tare da ya kalli kowa ba. Washegarin da aka gama addu'ar kwana tara ta ɗansa, ya ɗauki bindigar ya bi sawun wanda ya yi harbin. Ya same shi a mashaya yana ba doki ruwa, da rana tsaka. Mutumin ya durƙusa a cikin ruwa yana roƙo. Tata Lencho ya auna shi ya ja kunama. Ba abin da ya ji sai ƙas. Ya sake ja, haka. Da ya dawo gida ya tarar da Tránsito a bakin ƙofa da jaririya Dilcia a hannu. Ta miƙa masa ita, ta ce kofi na kan wuta. Har ta koma ga Allah ba su taɓa tayar da maganar ba.

“Da ta tashi ran nan,” in ji shi, “da a kurkuku za ki san ni, in ma kin san ni. Wa zai goya ki? Wa zai sha wannan baƙar tsiwar taki?”

Dilcia ta dube shi. Shekara da shekaru tana tsaron asirin tsohuwar don kada tsohon ya ji kunya, ashe shi ma tsaronsa yake yi. Tausayinsa ya kama ta har hawaye suka zubo. Ta share su da bayan hannu, don ta san in ta bari ya ga kuka zai yi mata gori har Kirsimeti.

“To yanzu tsaya in tambaye ka. Bindigar da ba a gani, kuma ba ta tashi, amfanin me za ta yi maka?”

“Namiji a garin nan ba ya fita ƙugu fayau. In Chepe mai shanu ya ga rigata a shafe, gobe shanunsa na cikin masarata.”

“Ashe tudu kawai kake nema a ƙarƙashin riga. Ka soka ɓarin cuku mana. In yunwa ta kama ka a hanya sai ka zaro makaminka ka ci.”

“Karnuka su bi ni har coci?”

“Ko ba komai ka samu masu take maka baya. To sayi kuben kaɗai, in zuba maka ƙwayoyin hawan jininka a ciki. Su ne ma ke tsare ranka, ba ƙarfe ba.”

Otoniel ya ce a gaskiya tun da ya buɗe shago bai taɓa jin shawarar da ta kashe masa ciniki kuma ya yarda da ita ba sai yau. Tata Lencho ya harare shi, ya harari jikarsa, ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska. Abin ya ƙi. Sai ya fashe da dariya har yana riƙe ƙugun.

“Kin ci, ja'ira. Otoniel, ba ni kuben, mai arhar. Waccan kuma ka rataye ta a bango kusa da kyakkyawar macen nan, ta huta.”

Ya cire malafa, ya sa yatsa a cikin zagayen fatarta yana lalube, ya zaro ɗan siririn ƙarfe da ya yi baƙi don tsufa. Ya ce a gwangwanin zaren Tránsito ya tsince shi bayan an binne ta, tun ran nan yake yawo da shi a kansa. Ya kama hannun Dilcia ya ɗora mata a tafi, ya naɗe yatsunta a kai.

“Riƙe, gadon kakarki ne. Duk ranar da kika yi miji mai zafin kai, kin san ta inda ake farawa.”

Dilcia ta damƙe allurar, ta miƙa masa ɗaya hannun don ya dafa.

“Ai na riga na yi, Tata. Ga shi nan yana ɗingishi. Taho mu je gida, kofi na kan wuta.”