Motar Eilif Rognmo Ta Rasu A Hanyar Bardu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, idan dai baƙin ciki ne sunan abin da ya zauna masa a ƙirji tun ranar, Eilif Rognmo na kwarin Bardu yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar motarsa mai aiki da lantarki, wadda kowa a kwarin ya sani da suna Shuɗiya. Ta rasu ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, da misalin ƙarfe ɗaya da rabi na rana, a gefen hanya, saura kilomita goma sha ɗaya a isa Setermoen, bayan doguwar jinya. Shekarunta goma sha ɗaya a duniya.

Marigayiyar ta shigo gidan Rognmo ba da son maigidan ba. Eilif ya yi shekara talatin da huɗu yana aiki a tashar wutar lantarki da ke saman kwarin, amma bai yarda da motar da ba ta shan dizal ba. Ya ce wutar da ya sani a wuri guda take zaune, ba ta yawo a kan titi. Matarsa Jorid, mai koyar da ɗinki da saƙa a makarantar gari, ita ta je Tromsø ta zaɓo ta, ta tuƙo ta har ƙofar gida, ta miƙa masa makulli, ta zaga ta zauna a kujerar gefen direba. Daga ranar ba ta sake taɓa sitiyarin ba. Ta ce ita ta yi nata.

Shaidar da za a yi wa marigayiyar ta alheri ce. Ba ta taɓa ƙin tashi da safe ba, ko a ranakun da motocin maƙwabta ke tari suna shaƙewa. Ta ɗauki itacen wuta da buhunan dankali, ta ɗauki naman farauta har jini ya ɓata mata shimfiɗar baya, ba ta yi ƙorafi ba. Tana tafiya shiru, har karen gidan da ke kusa ya tsufa bai taɓa jin isowarta ba. In tana ja da baya takan yi wani ɗan gunaguni mai laushi, in ƙofa ba ta kama ba ta ce ting, ting, ting, har sai an kula ta.

Ciwon da ya zama ajalinta ya fara ne a hunturunta na uku. Wata safiya ƙofar dama ta daskare, ta manne da jikin motar. Eilif yana sauri, ya fizge ta da ƙarfi, robar da ke zagaye da bakin ƙofar ta yage daga can ƙasa. Yagar ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Amma tun daga lokacin, da zarar gudu ya kai saba'in sai motar ta fara fito, fiiii, siririn sauti mai tsawo, iskar waje ta shigo ta sauka daidai kan gwiwar Jorid ta dama. Sai ta ɗora tafin hannu a kan gwiwar, ba tare da ta dube shi ba, ta ce, "Eilif, wai sai yaushe za ka gyara ƙofar nan?"

Shi kuma ya ce, "Gobe."

Ta cusa tsohuwar safar ulu a wurin, safar ta jiƙe ta daskare. Ya shafa wa robar mai, bai yi amfani ba. In bazara ta zo a manta da zancen, in ƙanƙara ta sauka a tuna. A lokacin babu wani dalili sai lalaci, kuma Eilif ba ya musun haka.

Shekara huɗu da suka wuce Jorid ta zauna saƙa safa, ta kai diddige ta tsaya. Ita ce ta koya wa rabin matan kwarin yadda ake juya diddigen safa, amma ranar ta riƙe alluran tana kallonsu har kofinta ya huce. Likita ya ce ciwon mantuwa ne. Eilif ya kula da ita a gida shekara biyu, har ranar da aka tsince ta a bakin kogi da takalmin cikin gida. Daga nan aka kai ta gidan kula da tsofaffi da ke Setermoen. Sunan 'yarsu Sunniva, wadda ke aiki a Trondheim, shi ya fara ɓace mata. Nasa ya biyo baya. Kullum yana zuwa, kullum tana karɓarsa da fara'a irin wadda ake yi wa baƙon kirki, ta tambayi ma'aikata ko an ba bawan Allahn nan kofi.

Wata Juma'a cikin Nuwamba babbar nas ɗin gidan ta yarda ya fita da ita shan iska. Ya ɗaura mata bel, ya kama hanyar da ke bin gefen kogi. Gudu ya kai saba'in, marigayiyar ta yi fitonta. Jorid ta ɗora hannu a gwiwa.

"Eilif, wai sai yaushe za ka gyara ƙofar nan?"

Wata tara ke nan bai ji sunansa a bakinta ba. Bai taka birki ba, bai waiwaya ba. Ya ce, "Gobe," ya ci gaba da tuƙi har suka wuce inda ya yi niyyar juyowa da nisa.

Daga nan Talata da Juma'a suka zama ranakun fita. Ba kullum take faɗa ba. Wani lokaci ta yi barci, wani lokaci ta kalli bishiyoyi kawai har a dawo. Cikin bazara kuwa ko sau ɗaya ba ta faɗa ba, don iskar da ke shigowa ba ta cizo. Mutanen kwarin, inda rana ke ɓacewa makonni cikin hunturu, na ƙirga kwanakin dawowarta, shi yana ƙirga kwanakin saukar ƙanƙara.

Birger makaniki, wanda suka zauna benci ɗaya da Eilif a firamare, ya hango abin da ke tafe. Da aka kawo masa motar a sauya mata tayoyin bazara da na hunturu, ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ta ɓangaren dama ya tarar da ita sharkaf. Ya bayyana masa cewa ƙanƙara na shiga ta yagar, hita ta narkar da ita, ruwan ya gangara inda wayoyi suke, ga gishirin da ake zubawa a titi don narkar da ƙanƙara a ciki. Ya ƙara da cewa hitar ma tana shanye rabin caji wajen kokawa da iskar da ke shigowa.

"Aikin minti ashirin ne," in ji Birger. "Robar ma ga ta can a rataye. Ka sha kofi ɗaya, kafin ka gama na gama."

"Duba birki, ka bar ƙofa."

"Kai tun muna yara kanka kamar kututture yake. Wata rana za ta mutu maka a daji, ka kira ni ina cin abinci."

Da aka gama sauya tayoyin Eilif ya karɓi makullinsa ya tafi. Daga baya matar Birger, wadda ke aikin kicin a gidan tsofaffin, ta gaya wa mijinta abin da ma'aikata suka gano, cewa fiton ƙofar ne ke sa Jorid kiran sunan Eilif. Birger bai sake tayar da zancen roba ba. Duk sanda motar ta zo sai ya cire shimfiɗar ya busar, ya goge wayoyin, ya mayar, ya yi ta zagin gishirin titi.

Ranar rasuwar sanyi ya kai digiri talatin da ɗaya ƙasa da sifili. Rana ba ta dawo kwarin ba tukuna, sai ɗan hasken tsakar rana mai launin toka. Eilif ya ga ma'aunin sanyi a jikin tagarsa, ya san bai kamata a fita ba, ya fita. Sun je sun juyo lafiya, Jorid ta yi tambayarta, ya ba ta amsarta. A kan hanyar dawowa marigayiyar ta ce ting sau ɗaya. Duk fitilun gaban direba suka kama lokaci guda, sannan suka mutu lokaci guda. Ta gangara a hankali zuwa gefen hanya ta tsaya. Ba ta sake cewa komai ba.

Motar dizal in ta mutu takan bar ɗumin inji na ɗan lokaci. Wannan ba ta bar komai ba. Cikin minti goma numfashinsu ya daskare a jikin gilashi. Ya kira Birger, ya same shi a Finnsnes, tafiyar fiye da awa guda. Kafin ya kira wani, sanyi ya kashe wayar. Ya cire rigar sanyinsa ya lulluɓe Jorid, ya sa mata safar hannunsa a kan tata, ya naɗe mata ƙafafu da tsohon bargon da ke kujerar baya. Ya rungume ta daga kujerarsa, yana murza mata kafaɗu. Babu motar da ta wuce.

"Eilif, sanyi nake ji," in ji ta.

Ya ce ya sani.

Sai ta ci gaba da magana. Ta tambaye shi ko ya kashe murhu kafin su fito. Ta ce hularsa ta tsufa, za ta saƙa masa wata kafin Kirsimeti, amma kada ya sake barin ta a kwale-kwale. Ta tambaya ko Sunniva ta ci abinci kafin ta tafi makaranta. Sau shida ta kira sunansa, ya ƙirga. Haƙoranta na kaɗawa, leɓɓanta sun canza launi, amma cikin shekara biyu ba ta yi magana mai yawa irin ta wannan minti hamsin ɗin ba.

Akwai abin da mai wannan sanarwa ya ce a rubuta, don bai iya faɗa wa kowa da baki ba. Da ya hango fitilun motar ɗaukar madara tana tahowa daga sama, bai yi murna ba. Jorid na tsakiyar magana. Ya zauna yana saurarenta, fitilun na matsowa, sai da motar ta kusa wucewa sannan ya buɗe ƙofa ya fita tsakiyar titi ya ɗaga hannu. Bai san daƙiƙa nawa ya jira ba. Ya san dai ya jira.

Direbar motar madarar, wata mata mai suna Oddny, ta taimaka aka ɗaga Jorid zuwa ciki, ta ƙure hita, ta ba ta kofi daga gorarta. Kafin su isa gari jikin Jorid ya yi ɗumi, ta yi shiru, ta yi wa Oddny murmushi, ta yi wa Eilif irinsa. Ta kwana uku da zazzaɓi da tari, sannan ta warke. Babbar nas ba ta ɗaga masa murya ba, ta ce masa kawai da an ƙara rabin awa da wani zance ake yi. Yatsunsa biyu na hannun hagu da sanyi ya ci ba a yanke su ba, amma har yau in ya taɓa abu da su ba ya jin komai.

Sunniva ta taso daga Trondheim washegari. Ta tarar da shi a kicin, hannu a naɗe.

"Baba, ka san robar ƙofar ta yage?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun kina jami'a."

Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ya gaya mata dalilin, daga ranar Nuwamba har zuwa motar madara, ya tsallake jiran da ya yi. Ta ja kujera ta zauna. Can ta tambaya ko mahaifiyar ta ambace ta. Ya ce ta tambaya ko kin ci abinci. Sunniva ta tashi ta fita tsakar gida ba rigar sanyi, ta tsaya can har ya kai mata rigar.

Birger ya jawo gawar zuwa garejinsa, ya buɗe ta, ya tabbatar da abin da ya faɗa tun farko. Gishiri ya cinye wayoyin, ruwa ya kai ga batir, babu abin da za a ceto. Bai ce ai na gaya maka ba.

Sunniva ta samo masa wata motar kafin ta koma, fara, ƙofofinta na rufuwa ruf kamar na firji. Bayan mako uku gidan tsofaffin ya yarda da fita ta rabin awa, in sanyi bai wuce goma ba. Gudu ya kai saba'in, ya kai tamanin, babu sautin komai. Ya sauke gilashin gefenta kaɗan. Jorid ta gyara mayafin wuyanta ta ce, "Direba, don Allah rufe taga." Ya rufe. Da suka dawo ta yi masa godiya, ta ce ya iya tuƙi.

Marigayiyar ta rasu ta bar maigidanta Eilif, da uwargida Jorid wadda ta zaɓo ta, da 'yarsu Sunniva wadda ta koyi ja da baya a cikinta har ta ture kwandon shara. Ta bar tayoyin bazara huɗu masu sauran ƙwari, duk mai buƙata ya ɗauka a rumbun itace. Ta bar igiyar caji a jikin bangon gida, wadda ba ta shiga sabuwar motar. Iyalan na godiya ga Oddny, wadda har yanzu ba a mayar mata da murfin gorarta ba.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis, ashirin ga Fabrairu, da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a bayan garejin Birger, inda gawar take kwance tun ranar. Janwe zai zo ya ɗauke ta zuwa wajen 'yan gwangwan. Masu halarta su zo da shebur, don ƙanƙara ta binne ta har rufi, sai an tono ta kafin a ɗaga. Ba a buƙatar furanni, ba za a yi jawabi ba. Akwai kofi da waina da cukwi a cikin gareji ga wanda zai tsaya. Eilif zai tashi da sha biyu da rabi, don lokacin ziyara ƙarfe ɗaya ne.

Ana roƙon masu leƙa Jorid kada su gaya mata. Ba ta tambaya ba.