Ko Tsuntsu Ba Zai Gani Ba

"Ni ne maganin ramin nan! Kafin jami'ar muhalli ta zo, ko tsuntsu ya bi ta sama ba zai gan shi ba."

Mai wannan cika baki shi ne manajan wurin haƙar tsakuwa da ke bakin titi, wanda leburori ke kira Injiniya a gaban idonsa, Sha-Yanzu a bayan idonsa. Kada ka tambaye ni inda ya yi karatun injiniyan, ɗan'uwa. Hular kwano ya saya a kasuwa, ya ɗauka ilimin a cikinta yake.

Filin da ake haƙa gonar surukinsa ce, wani dattijo mai sanyin magana. Da kamfani ya karɓi aronta, sharaɗin a fili yake: a kankare baƙar ƙasar sama wadda shuka ke ci, a tara ta gefe, a shuka mata ciyawa don kada ruwa ya kwashe ta, in an gama haƙa a mayar wa mai ita. Ƙarƙashinta babu komai sai tsakuwa. Hukuma kuma ta ce in ramin ya zama abin ƙyama ga masu wucewa, za a rufe wurin.

Sai dabara ta faɗo wa gogan naka. Ya sa direban katafila ya ture ƙasar dattijo kaf zuwa bakin titi, ya tayar da ita tsaye kamar ganuwa, daidai bayan ofishinsa, don motarsa ma ta samu inuwa.

"Oga, ba a ɗan kwantar da ita ba?" in ji direban.

"Kai, uban wa ya taɓa ganin katanga a kwance? Ƙara mata tsawo!"

Dattijo ya zo ya tsaya yana kallo. "Ɗan nan, ciyawar fa?"

"Baba, ciyawa ai ta marasa aikin yi ce. Ni kore nake so, kuma yau nake so."

To, ina za a samo kore yau-yau? A bakin titin akwai jerin itatuwan darbejiya waɗanda, tun kafin a haifi Sha-Yanzu, suke tare wa masu wucewa ido. Su ne ma suka ɓoye rabin ramin. Sarkin hikima ya sa aka sare su, aka soke rassan a jikin ganuwar. Ranar kam wuri ya yi shar. Ya tsaya ya riƙe ƙugu aka ɗauke shi hoto.

Washegari ganye ya yi yaushi, awakin unguwa suka hau suna ci suna tona.

"Rassan nan ƙishi suke ji," in ji Injiniya. "A kawo tankar da ake wanke tsakuwa, a ba su ruwa!"

"Oga, reshen da ba shi da saiwa?" in ji wani lebura.

"Kai da ba ka da saiwa, ba ka shan ruwa?"

Aka yi ta ɗura wa ganuwa ruwa har ta ƙoshi ta fara gumi. Ko yaron da ya taɓa zama aji biyu ya san inda jiƙaƙƙiyar ƙasa take nufa, amma wanda ya riga ya san komai, wa zai koya masa?

Da safiyar ranar da jami'a za ta zo, hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa. Sha-Yanzu yana ofis yana goge hularsa sai ya ji ƙara kamar tipa tana juye kaya. Ganuwa ce ta zo gaishe shi. Ta toshe ƙofa, ta cika ofis har wuyan kujera, ta haɗiye mota ko madubi bai leƙo ba. Ta taga leburori suka zaro shi kamar an tono rogo.

Ni dai ban ga abin dariya a asarar dattijon nan ba. Wajibi ne kamfani ya mayar masa da ƙasarsa, ya dasa itatuwan da aka sare, kuma a karɓe hular nan.

Ruwa na ɗaukewa jami'a ta iso. Ta dubi kututturan darbejiya, ta dubi rami ya wangame baki, ta dubi wani mutum-mutumin laka da ke sara mata.

"Kai ne manajan? Tun daga kwana nake hango raminka. Daga yau an rufe wurin nan."

"Ranki ya daɗe, ai aikin ne bai..."

Sai ya ji sarar fartanya. Ya ɗaga kai, ga surukinsa a kan tudun laka, yana sara yana jefa ƙwayar masara.

"Baba! Motata ce a ƙarƙashi!"

"Ƙasata ce a sama, ɗan nan, kuma ta sha ruwa yadda nake so." Dattijo ya juya wajen jami'a. "Ranki ya daɗe, a yi masa adalci. Ya ce zai ɓoye abu ko tsuntsu ba zai gani ba, kuma ya ɓoye."

Ya take ramin shuka da diddige, ya dubi surukin nasa.

"Ka dawo bayan girbi."