Ƙarfen Katafila a Gindin Rumbu

"...Lahiya lau. Ya mutanen Mahwara? To madalla. Angon nawa dai ya zaka hannu rabbana, ko goro babu."

Kaka Nagode ce ke magana, tana zaune a kan tabarma a tsakar gidanta da ke Dosara. Jikanta Fa'izu bai kai ga amsawa ba idonsa ya faɗa wajen rumbu. Ƙasa ta jiƙe sharkaf, ga bokitai a kife, ga baƙin ruwan toka ya gangaro har bakin turmi.

Fa'izu mai walda ne a Talata Mafara, kuma kwana uku ke nan yana fama da aiki guda. Manoman Dosara sun ɗauko tsohuwar katafilar Alhaji Maiwada don ta tayar musu da shingen ƙasar da ke tare rafi daga fadamar shinkafarsu kafin ruwa ya sauka. Ana tsakiyar aiki sai farantin nan mai haƙora da ke jan sarƙarta ya tsage. An nemi irinsa har Gusau da Sakkwato, babu. Fa'izu kuwa, da yake bakinsa ya fi hannunsa sauri, ya bugi ƙirji a gaban jama'a ya ce zai ɗinke shi. Ya fafe tsagin, ya gasa ƙarfen a gawayi, ya yi masa walda, sannan ya binne shi cikin toka da ɓuntun shinkafa a bayan rumbun kakarsa don ya huce a hankali. Irin wannan ƙarfe in ruwa ya taɓa shi da zafinsa sai ya sake darewa, kuma ba ya ɗinkuwa sau biyu.

"Kaka, wa yaz zuba ruwa nan?"

"Yau kuma Kaka nike? Jiya amarya."

"Don Allah, wa yaz zuba?"

"Ni niz zuba. Miji ya aje wuta gindin hatsina ya hau babur ya tahi, in tsaya ina yi mata waƙa?"

Fa'izu ya matso kusa da ita. Ya tambaye ta bokiti nawa, ta ce biyu. Da ta ga ya dafe kai sai ta ce a'a, ta tuna, huɗu ne. Kafin ya lalubi turmi ya zauna sun zama shida, har da ruwan wanke-wanke, kuma wai da kunnenta ta ji abin yana cuuu. Tsoro ya kama shi sosai. Ba ya ganin komai sai fuskar Maiwada da ta dattawan da suka raka shi da addu'a, da rafi yana bi ta kan shinkafar gari guda.

"Tsohuwa, kin kashe ni. Kin kashe Dosara. Na sake ki."

"Sakin ga na nawa ke nan? Tun kana tsumma kake saki na kana dawowa cin ɗumame."

"Wanga karon har kotu."

"Tahi. Ni ma na samu wanda yaf hi ka. Ƙarhen nan zan aura, haƙoransa sun hi nawa yawa, shi zai riƙa tauna min goro."

"Ai kin kashe angon naki tun ba a ɗaura ba."

"Kai da ba ka iya dahwa ruwan zahi ba, kai za ka gaya min yadda aka kashe miji?"

Ya sunkuyar da kai, gumi na tsattsafo masa. A duniya babu wanda Fa'izu ke bari ya ci shi da baki, balle wannan tsohuwa, amma yau ya bar mata fagen. Ta dube shi ta gefen ido, ta ga wasan ya fara wuce gona da iri, sai ta ce ya daina zubar mata da gumi a kan turmi, ya zagaya ya ga gawar da idonsa.

Ya zagaya yana jan ƙafa. Tudun tokar na nan yadda ya bar shi, a bushe ƙamas, an kifa masa tsohon kwano an danne da duwatsu. Abin da babu shi ne zanar da ta kewaye bayan gidan. Ta ƙone ƙurmus, sai baƙaƙen dirkoki a tsaye, jinkar rumbun ma wuta ta lashe gefe guda. Ya tsaya baki buɗe, wannan firgicin ya fi na farko.

Nagode ta biyo shi tana dogara sanda, ta ba shi labari kamar na wani gida take bayarwa. Bayan la'asar iska ta taso, ɓuntun ya ruru, tartsatsi ya kama zana. Maƙwabta suka shigo da bokitai suka nufi tudun, don daga nan wutar ke fitowa. Ita kuwa ta tsaya a gabansa da sandarta, ta ce su jiƙa rumbu su bar zana ta ci, amma duk wanda ya ɗiga ruwa a tokar nan sai ta fasa masa kai.

"Shekara hamsin ina gashin tukwane," in ji ta. "Ni za a koya wa abin da ruwa ka yi ma abu mai zahi?"

Fa'izu ya durƙusa ya tone. Ƙarfen ya huce, ɗumi kaɗan ya rage. Ya tayar da shi da ƙyar ya jingina, ya share ɗinkin ya bi shi da yatsa. Nagode ta ce ya bar shafa shi kamar jariri, ya ƙwanƙwasa ta ji. Ya buga guduma, ƙarar ta tashi tangararas ta daɗe tana yawo. Tsohuwar ta karkata kunne har ƙarar ta mutu, sannan ta gyaɗa kai ta ce ya gasu.

A nan ne ya lura da hannunta na hagu, wanda tun zuwansa take ɓoyewa cikin zane. Bayansa ya ƙone ya kumbura ya yi bororo, an shafe shi da zuma. Kunya da tausayi suka rufe shi, ya kama hannun a hankali, ta fizge.

"Sakar min. Hadari na haɗuwa gabas, tahi ka ɗaura abinka."

Ya yi dariya.

"Kin ci ni, amarya, na sallama. Daga asibitin Maradun za mu hwara. Zana kuwa kin gama da ita, shingen kwano zan yi miki, da ƙohwar ƙarhe."

"Na karɓa," in ji Nagode. "Amma can Mahwara za ka yi waldarka. Rumbu guda gare ni."