Baƙin Salatif da Kabad ɗin Rifkatu

Ba zan taɓa mantawa ba da abin da Ɗanlami bakanike ya yi mini a shekarar da soja suka koma bariki. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Lokacin ina da wata tsohuwar a-kori-kura 'yar Kwatano, ina ji da ita kamar tsoka ɗaya a miya. Wata safiya sai ga wuta ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, an rubuta ABS. Mota na tafiya, birki na ci, amma wutar nan ta ƙura mini ido. Ga shi na yi wa maƙwabcina Baba Yohanna alkawari (mutumin Kagoro ne, tun ina yaro yake Gyaɗi-Gyaɗi) cewa ni zan kai kayan ɗakin 'yarsa Rifkatu unguwar Babban Giji. A cikin kayan akwai kabad mai gilashi da marigayiyar matarsa ta saya ta ajiye wa yarinyar.

Baba ya leƙa motar ya ce, "Ɗana, wannan wutar fa? Kabad ɗin nan ba shi da na biyu."

Na ce, "Baba, kwantar da hankalinka, kafin Asabar an gyara."

Na kai wa Ɗanlami garejinsa a Unguwa Uku. Ya duba man birki, cike yake. Ya duba fis, lafiya lau. Ya cire tayar baya ya nuna mini wata 'yar waya, wai sensa ce, ita ke hana birki kulle taya. Ya wanke ta da fetur, wuta ta mutu, kafin in hau titi ta dawo. Ya ce in bar masa motar zuwa la'asar. Da na koma, babu wuta ko alamarta.

To, da na ja bakina na yi shiru, da abin ya zo da sauƙi. Amma ina! Lokacin kowa ya zama ɗan siyasa, ni kuwa ba a fi ni zuba ba a majalisarmu. Na zauna gaban Baba ina buga ƙirji, wai farar hula ta dawo, zamanin rufa-rufa ya wuce, ga motata nan misali, an bi ciwo har tushe. Har da zagin direbobin da ke manna sitika a kan wutar mota (Allah Ya yafe mini).

Ranar Asabar motar ta wuni a rana ana lodi. Baba ya shiga gaba, matan zumuntar cocinsu na biye da mu a bas suna waƙa. Mun kusa kasuwar Tarauni sai na ga wani baƙin salatif ya saki daga cikin gilashin mita, zafi ya narkar da gam ɗinsa, ya nannaɗe ya faɗi. Wuta ta bayyana tar, ashe tana nan da ranta. Baba ya gyara tabarau ya sunkuya yana kallo. Ni ma ita nake kallo, ɗan acaɓa ya gitta, na danna birki a kan yashi, tayoyi suka kulle, mota ta ja gefe. Sai ƙara daga baya, taratsatsa.

Baba ya sauka, ya tsinci ɓallin gilashi ɗaya ya riƙe a tafin hannu. Mata sun zagaye mu, waƙa ta tsaya. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, "Ɗana, ashe rufa-rufar ba ta koma bariki ba."

Washegari na dira garejin Ɗanlami ina huci. Mutumin nan ko kunya, yana cin gyaɗa ya ce, "Haba Alhaji, abin nan don ƙanƙarar ƙasar Turawa aka yi shi. Ka taɓa ganin ƙanƙara a titin Tarauni? Kowa haka muke masa."

Kowa! Ni da na gama yi wa unguwa wa'azi.

Na sa an yanka wa kabad sabon gilashi, amma ai ba shi uwar Rifkatu ta taɓa ba, kuma dukkanmu mun sani. Daga baya na gane cewa wuta mai lafiya, in ka murɗa mukulli, sai ta kama tukuna sannan ta mutu. Wadda ba ta ko ƙiftawa, rufe mata baki aka yi. Tun daga nan, ko bakanike ko kansila, duk wanda ya ce mini an gyara, sai na murɗa mukulli na gani kafin in buɗe nawa bakin.