Ranar da Na Ce wa Hajiya Kulu Zaman Kaina Nake Yi

Ko na tsufa na fara ruɗewa, ba zan taɓa mantawa da zuwana Illela na farko ba. Lokacin ban daɗe da ajiye aikin ofis ba, na zama ƴar jarida mai zaman kanta. Gidana jakar baya, ofishina kujerar mota, ga girman kai kamar ni na ƙirƙiro kyamara.

Wata mujalla ce ta ba ni aikina na farko mai tsoka: labarin matan da ke fatauci tsakanin Illela da Ƙonni. A tasha aka ce in nemi Hajiya Kulu mai atamfa. Ita ke saukar da baƙi mata, kuma in ba ta lamunce miki ba, ko gaisuwarki ƴan kasuwar ba za su amsa ba.

Na same ta a tsakar gida da ƙawayenta, aka shimfiɗa min tabarma, aka kawo fura.

"Ɗiyata, mi na na sana'arki?" in ji Hajiya.

Na gyara zama (kaicona, har da ɗaga hanci) na ce, "Ai Hajiya zaman kaina nake yi. Gari-gari nake bi, inda dare ya yi min nan nake kwana. Duk wanda ya biya, sai in yi masa aiki."

Wata tsohuwa ta saki ludayi ta kama salati. Hajiya ta janye kwanon furar a hankali ta ce, "Mi kinka ce? Gidan ga na mutunci na. Allah shi shirye ki."

Sai a nan maganar ta dawo min kunne yadda suka ji ta. Kalmar "jarida" ce na bari a mota! Wallahi kunyar da na ji, har tafin ƙafata sai da ya yi gumi. Masauki zai tafi, aiki zai bi shi.

Amma ban gudu ba, kuma da wannan nake taƙama har gobe. Na zaro kyamara, na durƙusa gabanta ina nuna mata hotunan matan kasuwar Jibiya da na ɗauka. Ta duba, ta sake dubawa, sannan ta fashe da dariya har da hawaye.

"Ke ko! Mai hoto ta, jama'a! Maido mata hurarta."

Washegari da kanta ta zagaya da ni rumfa-rumfa tana cewa, "Ɗiyata ce, ma'aikaciyag gwamnati." Ni da na tsere wa aikin albashi, haka na yi ta bin ta ina murmushi. Labarin ya fito, ya kuma buɗe min ƙofofi da yawa.

Har yau babu ogan da ke juya ni, ina kuma jin daɗin haka. Sai dai in babbar mace ta tambayi sana'ata, "jarida" nake fara cewa, da ƙarfi, in jira sai ta gyaɗa kai.